Keken Nishaɗi a Hanyar Masu Nema

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka sayi keke mai giya, kuma duk ƙarshen mako idan ka dawo Garki daga Dutse kana fita da shi bayan sallar asuba don jini ya motsa. Mahaifiyarka ce ta faɗa mini cikin damuwa, domin wasu sun fara tambayarta ko aikin ne ya tsaya, ko kuwa babur ɗin aka sayar. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Abin da ka ɗauko alheri ne, kuma ina tare da kai. Sai dai akwai 'yan maganganu da nake so in ajiye maka, irin na wanda ya daɗe a kan sirdi.

Kada surutun mutane ya dame ka, kada kuma ka ji haushinsu, domin maganar tasu tana da tushe. A zamanin gyaɗa, lokacin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake tsayawa a Ringim ana loda masa buhuna, manomin da kakarsa ta yi kyau keken Rali yake saya. Har a Kano an taɓa harhaɗa shi. Mai sabon Rali yakan naɗe ƙarfen da leda mai launi, ya goge shi da tsumma safe da yamma, yara su bi shi a guje suna roƙon ya kaɗa ƙararrawa. Malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin asibiti, duk a kansa suke zagaya ƙauyuka, kuma da girmansu. Daga baya babur ya shigo, keke ya koma hannun wanda bai samu na babur ba. Tun daga nan ido ya saba ganin mai keke a matsayin mai ƙaramin ƙarfi. Ko da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka kakkaɓe tsoffin kekunansu, da yawa sun yi hakan ne suna jin nauyi. To, ma'aikacin gwamnati ya hau keke da gangan, ya yi gumi ya dawo ba kaya ba saƙo, dole a yi mamaki. Ka amsa musu da fara'a. Wanda ya tsokane ka yau, wataƙila shi ne zai zo neman shawarar inda ake samun irin naka bayan likita ya auna jininsa.

Babbar maganata ita ce wannan. Hanyar da kake bi don nishaɗi, wasu don neman abinci suke binta. Dattijon da ka wuce da buhun gero a kariya, mai itacen da ya ɗaure dami ya fi kansa tsawo, yaron da ya goyo ƙannensa biyu zuwa makaranta, mai jarkoki huɗu na ruwa, duk masu keke ne, kuma sun riga ka. Idan ka zo wucewa, ka rage gudu, ka yi sallama, ka ba su fili. Mai kaya ba ya iya kaucewa da sauri, ƙaramar girgiza tana iya zubar masa da abin da zai ciyar da gidansa. Idan ka ga wani a gefen hanya kaca ta zame masa ko taya ta sace, ka tsaya. Famfonka da sifanarka ba za su ƙare ba don ka ara masa. Idan kuma ka iske manya a zaune a gindin bishiya a bakin gari, ka sauka ka gaishe su a ƙasa, ko da wayarka tana lissafa maka mintuna. Lissafin zai jira.

Kuma ka koya daga gare su, domin sun san ƙasar nan fiye da duk wani bidiyo da za ka kalla. Ƙasarmu rairayi ce. Da zarar ka bar kwalta ka nufi Doko ko Kore ta hanyar burji da ta amalanke, za ka gane ƙarfin cinya kaɗai ba ya fitar da mutum. Ka lura da yadda mai buhu yake yi idan ya tunkari yashi. Tun daga nesa yake duba inda ƙasa ta fi tauri, yawanci gefen da ciyawa ta riƙe ko sawun da shanu suka tattake. Yana matsawa baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, ya sassauta riƙon hannu, ya bar keken ya ɗan yi lilo yadda yake so, ƙafarsa kuwa ba ta daina juyawa. Ba ya taɓa birkin gaba, ba ya karya kan keke da ƙarfi. Inda yashin ya fi ƙarfinsa sai ya sauka ya tura, ba ya ganin an rage masa komai. Kai da kake da giya ka fi shi sauƙi: ka sauko zuwa mai laushi tun kafin ka shiga, domin idan ka bari sai taya ta nutse sannan ka canza, kaca za ta yi ƙara ta tsallake. Ka ɗan rage iskar taya idan yawancin tafiyar a rairayi ce, sai ta ƙara faɗi ta daina nutsewa. Shi ya sa ma nake fatan ba irin siririyar tayar 'yan tsere ka sayo ba. Waccan ta titin Dutse ce mai santsi. Nan mai kauri ake so.

Sai ƙaya. Tsidau yana nan a baje a gefen kowace hanya, musamman da kaka idan ya bushe, ga ta aduwa da ta bagaruwa da makiyaya suke sassarowa awaki su bari a ƙasa. Ba mai keken da ya tsira daga faci a Garki. Ka koyi yinsa da hannunka. Je ka zauna wurin mai gyara a bakin kasuwa, ka saya masa shayi, ka kalli yadda yake tsoma tib a kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta nuna masa ramin, yadda yake kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Masu gaggawa a nan suke kuskure, suna mannawa tun yana da danshi. Abu na biyu da ake mantawa, kafin ka mayar da tib, ka zagaya da yatsa a hankali cikin tayar ka nemo ƙayar da ta yi ɓarnar. In ka bar ta, ba za ka kai gonar gaba ba sai ta sake huda maka. Wasu sukan tsaga tsohon tib su shimfiɗa a cikin taya ya zama garkuwa, kuma yana taimakawa.

Kacar ma tana son kulawa. Na san za a ce ka zuba mata baƙin mai. Kada ka yi. Da ƙurar hunturu ta hau kansa sai ya zama kamar dutsen niƙa, ya riƙa cin haƙoran giya a hankali. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata mai marar kauri irin na keken ɗinki, ka sake gogewa. Robar birki kuwa ka duba ta kafin kowace fita.

Yanzu jikinka. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kashe gwiwa. Ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa; in ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Kada ka ɗauka giya mai nauyi ita ce ta jarumai. Juya ƙafa da sauƙi da yawa ya fi wa zuciya da gwiwa amfani a kan dannawa da ƙyar. Awon da nake ba kowa shi ne numfashi: in kana iya amsa gaisuwa cikakkiya kana tafe, kana daidai, in sai dai ka ɗaga hannu don magana ta gagara, ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Ka ga rabin sa'a ke nan sau biyar. Wannan ya fi ka kwana biyar a kujerar ofis sannan ranar Asabar ka ce sai ka taɓo Gumel ka dawo. Sannu ba ta hana zuwa. In da hali, ka nemi wani ɗan keke ka ajiye a Dutse don tsakiyar mako. Kuma tunda ka san hawan jini yana cikin danginmu, ka je a auna ka kafin ka ƙara nisa.

Rana ba a wasa da ita. Da bazara zafin nan yana haura digiri 40, don haka fitarka ta kasance tsakanin asuba da hantsi. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka tafi da gora, ka riƙa kurɓa tun ƙishi bai kama ka ba. Ciwon kai, jiri, ko fitsari ya yi ja, alamu ne na ka nemi inuwa nan take. Dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu sun ishe ka guzuri. Da azumi ka taƙaita, ɗan zagaye dab da shan ruwa ko bayan asham a inda akwai haske. Da damina kuma akwai abin da nake so ka riƙe da kyau. Garki aka zaɓa tsakanin 1969 da 1976 aka yi babban binciken nan na zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnati, saboda yadda cutar ta yi katutu a ƙauyukanmu, kuma har gobe tana nan. In ka ji jikinka ya yi ɗumi, gaɓoɓi suna ciwo, kada ka ce bari ka hau keke gumi ya fitar da shi. Gumi ba ya kashe ƙwayar cutar. Gwaji da magani, sannan hutu har ƙarfi ya dawo.

A kan kwalta, ka tsaya a hannunka na dama, kana tafiya tare da motoci. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙin dama, amma har yau za ka ga mai keke yana tunkarar mota gaba da gaba wai don ya gan ta. Direba ba ya tsammanin kowa daga nan. Ranakun manyan kasuwanni, Alhamis ta Maigatari da Lahadi ta Gujungu, motocin dabbobi da na hatsi suna gudu da lodi fiye da kima, birkinsu ba ya kamawa da wuri. In ka ji babbar mota a bayanka, sauka gefe ka bar ta ta wuce. Kada ka toshe kunne da abin sauraron waƙa, kunnenka shi ne madubinka. Ka sa hular kwano ko za a yi dariya. Ka sa riga mai haske, kada kuma magariba ta same ka a titi ba fitila gaba da baya. Garken shanu in yana tsallakawa, ka tsaya nesa ka jira makiyayi ya ba ka hanya, ban da ƙararrawa. Gonar mutane in an yi shuka, ko gero ko riɗi ko zoɓo, ba a ratsa ta don gajarce hanya.

Tufafi ma magana ce. Na ga hotunan masu tseren Faransa, kuma na yi murna ƙwarai da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a can a 2024, ya ɗauki koriyar riga. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke na gasar Olamfik a Paris. Ka kalle su ka ji daɗi. Amma matsattsen gajeren wandonsu na sana'arsu ne da wurinsu. Kai a gaban surukanka da almajiran mahaifinka kake wucewa. Dogon wando marar nauyi ya wadatar, ka ɗaure bakin ƙafar dama da kyauro kada kaca ta cafke shi. Babbar riga dai a bar ta a gida, domin takan shiga taya.

Abin da na fi ji maka tsoro ya wuce ƙaya da mota. Sha'awa irin wannan tana da daɗi, kuma takan ci lokaci da kuɗi ba a ankara ba. Yau a canza sirdi, gobe a sayi agogon lissafin tafiya, jibi a ce wannan keken ya yi nauyi sai an sake wani. Kwana biyu kacal kake yi a gida a mako. Mai ɗakinka da yaranka suna da haƙƙi a cikinsu, mahaifiyarka ma haka. Kada a wayi gari ana ɗaurin aure ko jana'iza a unguwa a ce kana can hanyar Babura. Ka yi cefane kafin ka fita, ka faɗi inda ka nufa da lokacin dawowarka. Hoton nisan da ka yi kuma ba sai kowa ya gani ba kullum. In zuciya ta fara hawa keke don a yaba, ranar da ba a yaba ba sai ta ƙi fita.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa hawan keke da haƙƙin iyali ita ce ka ba tafiyarka dalili. Gwaggonka tana ƙauye, ta daɗe ba ta ga ɗayanku ba. Ka ɗaura mata sabulu da ɗan goro a kariya ka je ka gaishe ta, ka sha furarta, ka dawo kafin rana ta take. Ka sami motsa jiki, ka sami ladan zumunci. Wata Asabar ɗin ka bar nisa, ka fito da yaran filin makaranta ka riƙe musu sirdi ta baya su koya, har da macen, domin ita ma makarantarta za ta yi nisa wata rana. Ka fara cire musu feda su riƙa turawa da ƙafa har su iya tsayuwa, sun fi saurin kamawa a haka.

Ka sayi kwaɗo mai kyau da sarƙa, ka riƙa ɗaure shi ko a ƙofar masallaci ne. In ka shigo wannan makon, ka biyo da keken ta gidana in duba tsayin sirdin da kaina. Ka gaishe mini da mutanen gidan. Allah ya tsare hanya, ya ƙara lafiya.