Yadda Za Ka Ziyarci Legion Field da Unguwar Gwagwarmaya a Birmingham

Birmingham ɗin da nake nufi ta jihar Alabama ce a Amurka, ba ta Ingila ba. Yini guda ya isa, muddin ka bi wuraren a jere.

Mataki na 1: Zaɓi rana. Idan da hali, ka daidaita tafiyarka da ƙarshen Oktoba, lokacin Magic City Classic, karawar ƙwallon ƙafar Amurka ta shekara-shekara a filin wasa na Legion Field tsakanin jami'o'in Alabama A&M da Alabama State, waɗanda aka kafa domin baƙaƙen fata. Kama masauki da wuri, don gari cika yake yi. Ka sayi tikiti ta intanet, ka kuma nemi izinin zagaya cocin da zan ambata tun kafin ka taso.

Mataki na 2: Kada ka fara da filin wasa. Da safe ka nufi cocin 16th Street Baptist. A nan, ranar Lahadi 15 ga Satumba 1963, bam ɗin da 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan suka dasa ya kashe 'yan mata huɗu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley da Carole Robertson, masu shekara 14, da Denise McNair mai shekara 11. Har yau ana ibada a wurin, saboda haka ka sa sutura ta mutunci, ka sassauta murya. Ka nemi a nuna maka tagar gilashin da mutanen Wales suka yi karo-karo suka aiko bayan harin.

Mataki na 3: Tsallaka titi zuwa dandalin Kelly Ingram. A watan Mayun 1963 yara 'yan makaranta suka fito daga wannan cocin suna zanga-zangar lumana, kwamishina Bull Connor ya sa aka sakar musu karnuka, aka kuma feshe su da ruwan kashe gobara. Akwai wata siririyar hanya da aka kafa karnukan ƙarfe a gefenta biyu, bakinsu a wangale. Ka ratsa ta a ƙafa, a hankali. Hoto ba zai gaya maka abin da yaro ya ji a wurin ba. Daga nan sai gidan tarihi na Birmingham Civil Rights Institute, wanda aka buɗe a 1992. Ba shi awa biyu. Otal ɗin A.G. Gaston, inda Martin Luther King da abokan gwagwarmayarsa suka riƙa tsara shiri, yana nan kusa.

Mataki na 4: Bi ta Center Street. Ɗauki tasi zuwa yamma, ka ce a bi da kai ta unguwar da ake wa laƙabi da Dynamite Hill, saboda yawan bama-baman da aka jefa wa gidajen baƙaƙen da suka tare a can. Gidajen mutane ne, kada ka ɗauki hoto ba izini.

Mataki na 5: Yanzu shiga Legion Field. An buɗe shi a 1927, yana ɗaukar mutum kusan 71,000. Daga 1948 zuwa 1988 a nan jami'ar Alabama (wata ce daban da biyun farko) da jami'ar Auburn suke gwabzawa duk shekara. Amma wasan da nake so ka riƙe a zuciya shi ne na 12 ga Satumba 1970: ƙungiyar Alabama, wadda ba baƙi ko ɗaya a cikin 'yan wasanta, ta sha kashi 42 da 21 a hannun jami'ar Southern California, da baƙar fata Sam Cunningham a sahun gaba. A kakar 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama. Shekara takwas ke nan bayan bam ɗin coci, kuma wanda ya zo nan kai tsaye daga filin jirgi ba zai ji nauyin wannan ba.

Mu ma muna da tarihi a filin. Ranar 28 ga Yuli 1996, a gasar Olamfik, Najeriya ta doke Mekziko da ci 2 da nema, Jay-Jay Okocha da Celestine Babayaro ɗan Kaduna suka zura ƙwallayen.

Mataki na 6: Ranar wasan Magic City Classic. Isa da wuri, ka bar babbar jaka a masauki. Masu gashi suna cika harabar, sai dai naman alade ya yi yawa, don haka ka tambaya kafin ka ci. Idan an tafi hutun rabin lokaci kada ka tashi daga kujerarka, domin a lokacin ne makaɗan badujala na jami'o'in biyu suke fitowa, kuma da yawa daga 'yan kallo saboda su suka zo.