Zanga-zanga Biyu A Rana Ɗaya: Darasi Daga Matan Maroko



'Yan uwa, duk sanda aka ta da maganar masu fafutukar haƙƙin mata sai mu rabu gida biyu nan take. Wasu su ce ai shirin Turawa ne, a toshe kunne kawai. Wasu kuma, musamman ƙannenmu mata da suka yi karatun zamani, su ce malamai ne suka danne mata, duk abin da ya zo daga waje a karɓa. Yau Maroko zan kai mu, domin can an yi wannan rigimar a kan titi, ido na ganin ido, kuma ta kai matsayin da za a iya aunawa. Na zaɓe ta ne saboda Malikawa ne irinmu. Risala da Muhtasar ɗin da ake biyawa a zaurukanmu su malaman Fas suka tashi a kai, kuma ƙira'ar Warshu da muka gada a makarantar allo ita suke yi har gobe.

Maroko ta sami 'yancin kai a 1956. Tsakanin 1957 da 1958 aka rubuta dokar iyali, aka sa mata suna Mudawwana. Ɗalibai kada ku rikita ta da Mudawwanar Imamu Sahnun, suna ne ya zo ɗaya. Fiƙihun Malikiyya aka zuba a cikin sassan doka: aure sai da waliyyi, yarinya ta kai shekara 15, saki a hannun miji. Matsalar da mata suka yi ta kuka da ita ta fi yawa a wajen aiki da dokar. Mace tana zaune a ɗakinta sai labari ya iske ta an sake ta, ta kwashi 'ya'ya ta koma gidan uban da shi ma da ƙyar yake ci. Idan kuwa ita ce ake cutarwa ta nemi rabuwa, sai a ce ta kawo shaidu a kan dukan da aka yi mata a uwar ɗaka cikin dare. Ina za ta samo su? Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ita ba matar aure ba, ba bazawara ba.

A 1992 wata ƙungiyar mata ƙarƙashin Latifa Jbabdi ta fara tara sa hannun mutum miliyan ɗaya don a gyara dokar. Martanin da wasu masu wa'azi suka mayar ya yi zafi, har aka kai ga kafirtawa. Sarki Hassan na Biyu ya ce a kawo masa maganar, shi ne Amirul Muminina, kuma a 1993 aka yi ɗan gyara, ciki har da rufe ƙofar auren dole. Matan suka ce bai isa ba.

Sai 1999, gwamnatin Abdurrahman Yusufi ta fito da wani shiri na ciyar da mata gaba, mai ɗauke da matakai sama da 200. Mafi yawansu yaƙi da jahilci ne, da lafiyar masu juna biyu, da sana'a, abubuwan da ba mai hankalin da zai ƙi, tunda a lokacin galibin matan karkara ba su iya karatu da rubutu ba. Amma a ciki akwai 'yan kaɗan da suka taɓa shari'a kai tsaye: a ɗaga shekarun aure zuwa 18, a hana ƙarin aure, a daina wajabta waliyyi, a mai da saki hannun alƙali, a raba dukiyar da aka tara idan an rabu. Ga kuma hannun Bankin Duniya a cikin shirin. To ka ga an ba masu zargi hujja a ruwan sanyi. Hatta ministan harkokin addini na wannan gwamnatin bai goyi baya ba.

Ranar Lahadi 12 ga Maris 2000 ƙasar ta dare biyu. A Rabat, babban birni, ƙungiyoyin mata da jam'iyyun da ke tare da su suka fito goyon bayan shirin. A Kasabalanka kuma ƙungiyoyin Musulunci suka fito adawa da shi: jam'iyyar Adalci da Cigaba, da jama'ar Al-Adl wal Ihsan ta Shaikh Abdussalam Yasin, da sauransu. Taron Kasabalanka ya fi na Rabat yawa nesa ba kusa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne mata ne suka cika tituna a duka biranen. A Kasabalanka sahun mata daban, na maza daban, mata da hijabansu, cikinsu akwai malaman makaranta da likitoci da ɗaliban jami'a. Don haka duk wanda ya ce maka rigimar maza ce da mata, bai karanta labarin ba. Nadiya Yasin, 'yar shehin, tana cikin na gaba-gaba a Kasabalanka, kuma ita kanta ba ta ɗauki tsohuwar Mudawwana a matsayin wahayi ba, tana ganin aikin mutane ce da za a iya gyarawa. Abin da suka ƙi shi ne a ɗauko ma'auni daga waje a auna addini da shi.

Nan zan tsaya in faɗi fahimtata. Hukuncin zanga-zanga ita kanta malamai sun yi saɓani, wannan darasi ne daban. Amma mace ta ɗaga murya ta kai ƙarar zalunci, wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Khaulatu bint Sa'alaba ta zo wa Annabi (SAW) da ƙarar mijinta Ausu bin Samit da ya yi mata zihari bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidansa, ta yi ta mai da magana, ba ta haƙura ta tafi ba, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Matan sahabbai sun taru sun ce maza sun rinjaye su a majalisin karatu, a ware musu rana, aka ware. Ba a ce musu marasa kunya ba. Mutanen Kasabalanka sun yi daidai da suka tsare iyakar nassi. Sai dai bayan an watse, matar da aka kora da 'ya'ya biyar tana nan inda take. Tsare iyaka rabin aiki ne, wallahi, kuma shi ne rabin da ya fi sauƙi.

Gwamnati ta janye jiki. A Afrilun 2001 sabon sarki, Muhammadu na Shida, ya kafa kwamiti na malamai da alƙalai, ya sa mata uku a ciki: alƙaliya ɗaya, masaniyar zamantakewa ɗaya, masaniyar kimiyyar lafiya ɗaya. Suka saurari ƙungiyoyi na kowane ɓangare, aka yi ta kai ruwa rana sama da shekara biyu. Gaskiya kuma a faɗe ta, harin bama-baman Kasabalanka na 16 ga Mayu 2003 ya sa ƙungiyoyin Musulunci cikin matsi, bakinsu ya yi sanyi, kuma wannan ya sauƙaƙa wa fadar sarki. Ranar 10 ga Oktoba 2003 sarkin ya karanta gyare-gyaren a gaban majalisa, yana kafa wa manyansu hujja da aya ko hadisi, ya kuma bayyana cewa shi ba shi da ikon halatta abin da Allah Ya haramta ko haramta abin da Ya halatta. A farkon 2004 majalisa ta amince baki ɗaya, har da 'yan jam'iyyar da suka yi tattaki a Kasabalanka.

To me aka yi da buƙatun nan? A nan ɗalibin fiƙihu zai ji daɗi.

Ƙarin aure ba a haramta shi ba, domin ba mai iya haramta shi. An ce sai da izinin alƙali, ya duba dalili da ƙarfin riƙo, a kira uwargida a sanar da ita, ita ma mai shigowa ta san akwai wata. Idan kuma mace ta gindaya sharaɗi tun wajen ɗaurin aure cewa ba za a yi mata kishiya ba, sharaɗin ya zauna. Wannan ya fi kusa da mazhabar Imamu Ahmad, wanda yake ganin cika irin wannan sharaɗi wajibi ne. Ni a ganina sun ƙuntata ƙofar fiye da kima da suka ce sai dalili na musamman, amma duba ƙarfin ciyarwa kam ba wanda zai ce ba shi da asali.

Saki yana nan a hannun miji, sai dai ba zai rubuta shi ba sai ya je kotu, an gwada sulhu, sannan ya ajiye haƙƙoƙin matar da na 'ya'ya a asusun kotu cikin kwana 30. Ku yi tunanin wannan kaɗai, saki nawa zai hana na fushin tuwo ya yi sanyi?

Babban abin da ya buɗe wa mata ƙofa shi ne rabuwa saboda shiƙaƙi, wato saɓanin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Asalinsa aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni da tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Kuma a mazhabar Malik waɗannan biyun hukunci suke yankewa, suna da ikon raba auren ko da mijin bai so ba, saɓanin malaman da suke ɗaukar su wakilai kawai. Dokar 2004 ta ɗauki ruhin wannan ta ce kotu ta gama cikin wata shida, kuma ta duba wanda ya jawo ɓarakar wajen yanke abin da za a biya. Jama'a, wannan maganin yana cikin littattafanmu shekaru aru-aru. Matan da suka yi ta jeka-ka-dawo a kotu ba sabon addini suke buƙata ba, babin da aka rufe aka ƙi buɗewa suke nema.

Raba dukiya biyu daidai ba a karɓa ba. An ce kowa da dukiyarsa, kamar yadda shari'a ta tsara, amma ma'aurata suna iya rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara tare, in babu kuma alƙali ya duba wahalar da kowa ya sha. A nan malamansu suka tuno da fatawar Ibnu Ardun, alƙalin Shafshawan a ƙarni na 10 na hijira, wanda ya ba matan ƙauye da ke noma tare da mazajensu rabo a cikin amfanin da aka tara. Wasu malaman Fas ba su yarda da shi ba, amma mutanen duwatsu sun yi aiki da fatawar.

Inda ban bi su ba shi ne waliyyi. Sun ce mace baliga mai hankali tana iya ɗaura wa kanta aure ko ta wakilta mahaifinta. Wannan maganar Imamu Abu Hanifa ce, ba za a ce musu sun fita daga Musulunci ba, amma jumhur suna kan cewa babu aure sai da waliyyi, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi a wurina. Uban da ya hana 'yarsa miji nagari don son zuciya, shari'a ta riga ta ba alƙali ikon karɓe walicci daga hannunsa. Shekarun aure kuwa an mai da su 18 ga kowa, aka bar wa alƙali damar yin togiya, alƙalai kuma suka yi ta bayarwa har togiyar ta zama abin kuka. Rabon gado na Alƙur'ani ba a taɓa shi ba.

Akwai wata fafutukar da ta fi taɓa min zuciya, ta matan da ake kira Sulaliyyat. A Maroko akwai filayen ƙabila da jama'a suka mallaka tare. Al'ada ta ce maza kaɗai ke da rabo. Da birane suka faɗaɗa aka fara sayar da filayen, sai maza su karɓi diyya, gwauraye mata da zawarawa su koma zaman bukka a gefen gari. Daga 2007 matan yankin Kunaitira suka tashi, da yawansu tsofaffi ne da ba su taɓa shiga aji ba, suka yi ta zuwa ƙofar majalisa a Rabat, har aka yi doka a 2019 da ta daidaita su da maza a wannan haƙƙi. Babu aya ko hadisin da ya hana su, al'ada ce tsagwaronta. Kuma wa ya tsaya musu tun farko, ya koya musu rubuta ƙorafi? Ƙungiyar 'yan bokon nan da ake zagi. Mai jin yunwa ba ya tambayar aƙidar wanda ya miƙo masa tuwo. Mu da ake raba gona a hana 'ya'ya mata, a ce ai gidan wani za su kai, sai mu shafa wa kanmu ruwa.

Maganar ba ta ƙare ba. A Satumban 2023 sarkin ya sake ba da umarnin duba dokar, masu fafutuka suka matsa a kan gado. A Disamban 2024 aka bayyana matsayar Majalisar Ƙoli ta Malamai: ta ƙi soke gadon asaba, ta ƙi gado tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ta ƙi jingina ɗan da aka haifa ba ta aure ba ga namiji ta hanyar gwajin ƙwayar halitta. Amma ba ta ce a'a ta tashi ba. Uban da 'ya'ya mata kaɗai gare shi, yana tsoron dangi su kore su daga gida, ta nuna masa ƙofar kyauta tun yana raye. Ta kuma yarda uwa ta ci gaba da riƙon 'ya'yanta ko ta sake aure.

Mu ma nan an taɓa kusan yin irin ta. A Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa a Kano ta shirya fitowa titi kan yawan saki, Hukumar Hisba ta hana. Daga 2012 aka fara auren zawarawa na gwamnati, kuma alheri ne. Sai dai koken nasu ya haɗa da kora daga ɗaki kafin idda ta cika, da ƙwace yaro da zarar an yaye shi, da uban da ba ya aiko ko kwano ɗaya na masara.

Ɗalibai, kafin darasi na gaba ku buɗe Risala, babin idda da ciyarwa da istibra'i. Ku duba inda wadda aka saka take yin idda da wanda zai biya wurin, sannan ku duba har zuwa yaushe riƙon ɗa namiji da na 'ya mace yake hannun uwa bayan saki. Da wannan za mu fara in sha Allahu.

Wallahu a'alam.