DARASIN LAFIYA: AMSA GAYYATA DABAM, CINYE AKUSHI DABAM

 

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan darasi idan kun karanta ku kai shi gida ku karanta wa iyaye, domin rabinsa nasu ne. Kun sani da zarar kaka ta yi a nan Yankara, masara da dawa da waken suya suka shiga kasuwa, sai hidimomi su taso: yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi walimar sauka. Abin farin ciki ne. To amma a gidaje da yawa akwai wanda wannan lokaci yake zame masa jarrabawa: baba mai ciwon sukari, ko inna mai hawan jini, ko yaya da likita ya ce ya rage teɓa. A gida suna kiyaye doka. Sai an fita, an ajiye akushi a gabansu, jama'a sun zuba ido, nan ne dokar take karyewa.

Na san wani dattijo, wata uku yana bin ƙa'idar da aka ba shi, har gyambon ƙafarsa ya fara kamewa. Sai bikin ɗan ƙanensa ya zo. Kwana huɗu duk inda ya zauna sai a miƙo masa lemon kwalba da alkaki, shi kuma ya kasa cewa a'a. A rana ta biyar aka ɗauke shi a mota zuwa Funtuwa. Da na je gaishe shi, abin da ya ce da ni shi ne, “Malam, wallahi ba kwaɗayi ba ne, kunya ce.”

Mu fara da lissafi. Ƙarfin da abinci yake ba jiki, likitoci suna auna shi da wani ma'auni da ake kira kalori, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Babbar mace tana buƙatar kamar 2,000 a yini, namiji kamar 2,500. Manomin da ya wuni yana huɗa ya fi haka buƙata, mai zaman shago bai kai shi ba. Abin da ya yi rara, jiki ba ya zubarwa, tara shi yake yi ya zama kitse. Giram ɗaya na tsaba ko sukari yana da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana da 9. Ke nan babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kusan 120, ga shi kuwa ba ya cika ciki.

To, ɗauki faranti ɗaya na walima mu gani. Shinkafar da aka tula, a ce giram 300, kusan 390 ke nan. Man da ta sha, cokali biyu, 240. Soyayyar cinyar kaza, wajen 250. Ƙaramar kwalbar lemo, wajen 150. Tara ka gani: an haura 1,000 a zama ɗaya, wato rabin abin da inna take buƙata a yini, tun ba a zo kan cincin da dubulan ba. Kuma wannan kwalba da muke rainawa tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalba biyu, an wuce iyaka. Gishiri kuma ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗanon da ake zuba wa tukunyar biki yana cikin lissafin.

Ba cewa muke a tafi gidan biki da sikeli ba, wannan ai abin dariya ne. Hannunka ya ishe ka. Tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunka, nama gwargwadon tafin hannu, sauran wurin a bar wa ganye: zogale, rama, kabeji, abin da ya samu. Gasasshe ya fi soyayye. Miya a ɗebo daga ƙasa a bar man da ya taso sama. Ruwa ya maye lemo. Haka abin yake a teburin mai shayi ko rumfar mai abinci ranar kasuwa: kai za ka ce a rage sukari da madara, kai za ka ce kada a ƙara mai, kuɗinka ne.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Mutum zai ce, “Malam, ai addini ne ya ce a amsa gayyata.” Gaskiya ne. Amma ku da kuka fara Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ku duba babin abinci da abin sha. Malam ya nuna a amsa kiran walimar aure matuƙar babu abin ƙi a wurin, sannan ya bar wa mutum zaɓi game da ci. Asalin wannan yana cikin Sahihu Muslim, a hadisin Jabir, Allah Ya yarda da shi, inda aka umurci wanda aka gayyata ya je, in ya so ya ci, in ya so ya bari. Ke nan abin da ke kanka shi ne zuwa, da gaisuwa, da addu'a. Cinye akushi ba ya ciki. A babin nan dai Malam ya kawo ladabin raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, wanda ya zo a hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito. Aya ta 31 a Suratul A'arafi kuma ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna.

Akwai ƙissa guda da nake so ku riƙe, domin kamar don mu aka yi ta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir, wata mata daga cikin Ansaru, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu, lokacin Aliyu bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Akwai dabino a rataye. Annabi ya ci, Aliyu ma ya fara ci, sai Annabi ya dakatar da shi saboda jikinsa bai gama komawa ba. Matar nan ba ta yi fushi ba, ba ta ce an raina mata ba. Sai ta tashi ta dafa sha'ir da wani ganye, Annabi ya ce wa Aliyu ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. Ku lura: dabino ne fa, halal, mai albarka, a gidan mutane, amma aka hana mai jinya. Haka nan a gidan Nana Maimuna an kawo gasasshen damo, Annabi ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa, babu wanda ya ji haushin wani.

Saboda haka idan an matsa maka, ga yadda za ka yi. Kada ka kushe abincin, domin Annabi bai taɓa aibata abinci ba. Ka yaba, ka sa albarka, ka faɗi gaskiya a taƙaice: “Na gode, Allah Ya amfana, likita ne ya hana ni.” Za a ce, “Haba Alhaji, ko loma ɗaya?” Ka maimaita maganarka da fara'a, kada ka shiga dogon bayani, mai dogon bayani shi ake kayarwa. Wani zai ce, “Ko tsoro kake mu sa maka wani abu?” Wannan ita ce mai zafin. Maganinta ka ɗan taɓa abin da ba ya cutar da kai, ka sha ruwan gidan, sauran ka ce a ƙulla maka ka kai wa yara. Wani kuma zai ce ciwo da mutuwa na Allah ne. Haka ne, kuma wanda ya tambayi Annabi game da raƙumarsa an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada mai ciwon sukari ya wuni da yunwa wai don ya tara wa walima wuri. In yana shan magani ko allura, sukarinsa na iya faɗuwa, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, har ya suma. In haka ta fara, a nan kam a gaggauta ba shi abu mai zaƙi, sannan a nemi ma'aikacin lafiya. Ya ci ɗan abinsa a gida kafin ya fita, mai ƙoshi ya fi iya cewa a'a.

Ku kuma iyayenmu mata masu girki, ku ne Ummul Munzir ta wannan gari. Karamci ne ya sa kuke cewa “ƙara mana”, mun sani. Amma in kin san baƙonki yana da lalura, ware masa zoɓo ko kunu kafin a zuba sukari, ki yi masa kwaɗon zogale. In kuma kin ga wata ta rage jiki, kada ki tare ta a tsakar gida da “Wance, lafiya kika rame haka?” Wannan kalma kaɗai ta sha mayar da mata kan abin da aka hana su.

Ku yara, kada wani ya ce Malam ya ce a daina cin abinci. Wannan lissafi na manya ne masu lalura. Ku jikinku ginuwa yake yi, haka mai ciki da mai shayarwa, kuma a yankinmu gidan da abinci bai isa ba ya fi gidan da ya yi yawa. Ƙullin da baba ya kawo daga walima, in kun ƙoshi, kun san ƙofar da za ku kai.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya sami kwalba ko gwangwanin lemo, ya duba jikinsa inda aka rubuta yawan sukari, ya raba adadin giram ɗin da 4 don ya sami yawan ƙaramin cokali. A lura, wasu na rubuta na mililita 100 ne kawai, ba na kwalbar duka ba. A auna wannan sukari a zuba a kofi a nuna wa mutanen gida, sannan a rubuto abin da suka ce, da boko ko da ajami, a kawo wa malamin aji ranar Asabar.