Kafin Ka Kai Babi Na Huɗu

Ɗana, na ji kana cewa da zarar ka raba takardun tambayoyi sai ka nemi mai manhajar SPSS ya haɗa maka babi na huɗu na kundin bincikenka. Zauna tukuna mu yi magana.

Tun daga babi na ɗaya ake zaɓen hanyar ƙididdiga, domin tambayarka ce ke nuna ta. In kana son sanin ko ɗaliban kwana sun fi 'yan jeka-ka-dawo fargabar jarrabawa, rukuni biyu ke nan, gwajin t ya ishe ka. In rukunan sun kai uku, sai ANOVA. In kuwa ƙirge kawai ka tara, nawa suka ce e, nawa suka ce a'a, kai-sikwaya ne abokin aikinka. Wannan kowane littafi ya kawo shi.

Abin da littafi ba zai yi maka ba shi ne duba bayananka da idonka. A 1973 Francis Anscombe ya tsara jerin alƙaluma huɗu, matsakaicinsu ɗaya, ma'aunin alaƙarsu ɗaya, amma da aka zana su ko kama ba su yi ba. Wani lanƙwasa ya yi, wani kuma ɗigo guda ne ya ja komai. Ita kwamfuta ba ruwanta, duk abin da ka zuba mata za ta lissafa ta miƙo maka. Saboda haka fara zanawa kafin ka danna gwaji.

Sai batun 0.05, mizanin da ake gwada lambar p da gwaji ya fitar da shi, wanda ɗalibai ke riƙe da shi kamar farilla. Ronald Fisher ne ya yaɗa shi a littafinsa na 1925, don ya zama iyaka mai sauƙin aiki. Ba ya tabbatar da hasashenka, ba ya kuma faɗa maka girman bambancin. Wanda ya yi ta sauya gwaji, yana cire mutane yana mayarwa har lambar ta sauko ƙasa da 0.05, kansa ya yaudara. Kada ka ɗauka matsalar ta ɗalibai ce kaɗai. A 2015 wata tawagar masana ta maimaita bincike 100 na halayyar ɗan Adam da manyan mujallu suka buga. Kashi 97 cikin ɗari sun tsallake wannan iyaka a karon farko, a maimaici kuwa kashi 36 kacal.

Kafin ka raba ko takarda ɗaya, rubuta tambayarka, da yawan mutanen da za ka tuntuɓa, da gwajin da za ka yi, ka kai wa malaminka ya gani. In daga baya lissafi ya nuna babu bambanci, ka rubuta babu bambanci, ka kare shi a gaban masu jarraba ka. Allah ya yi maka jagora.