Daga Paris zuwa Hamburg: shirin da ake farawa tun a Tasawa

Nisan Paris da Hamburg kusan kilomita 750 ne, bai ma kai tsawon hanyar mota daga Tasawa zuwa Yamai ba. Wanda ya shiga bas a Tasawa da asuba sai dare yake isa Yamai, amma wanda ya hau jirgi a Paris cikin awa ɗaya da rabi ya sauka a arewacin Jamus. Wannan sauƙin ne ke ruɗar mutane. Malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin ƙungiya daga Tasawa ko Mayayi zai samu gayyata zuwa Faransa, wataƙila ta hanyar zumuncin da aka ƙulla tun shekarun 1990 tsakanin Tasawa da garin Conflans-Sainte-Honorine, sai ya ce in ya isa can zai leƙa ɗan'uwansa a Hamburg. Ya bar maganar sai ya isa. A nan ake asarar kuɗi, wani lokacin har da tafiyar gaba ɗaya.

Takardu su ne farko. Faransa da Jamus duk suna cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, biza ɗaya ta wadatar. Amma akwai ƙa'ida: ana neman ta ne a hannun ƙasar da mutum zai fi daɗewa a ciki, in kwanakin sun zo daidai kuma, ƙasar da zai fara shiga. Mai kwana goma a Paris da uku a Hamburg bizar Faransa zai nema. Da yake Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024, aikin farko shi ne mai masauki ya bincika ya tabbatar da inda za a kai takardun, tun kafin a biya ko dala. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, wato kusan jika 59, kuma ba a mayarwa in an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata uku da rai bayan ranar barin Turai, da takardar masauki wadda mai gida ke karɓowa a ma'aikatar magajin garinsu. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya.

Ya kamata a rubuta ziyarar Hamburg a cikin tsarin tafiyar da aka miƙa. Ba laifi ba ce, ɓoye ta kuwa na jawo tambayoyi. Wanda yake da niyyar Landan kuma ya sani Ingila ba ta cikin wannan yanki, tana da bizarta daban.

Sai tikiti, kuma nan ne ya fi dacewa a tsaya a yi lissafi. Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, saboda haka mafi yawan matafiya kan bi ta Santambul da Turkish Airlines, ko ta Kasablanka da Royal Air Maroc. Mutane sun saba sayen zuwa da dawowa ta Paris, sannan su ƙara wani zuwa da dawowa na Hamburg. Akwai hanyar da ta fi wannan: a nemi mai sayar da tikiti ya haɗa Yamai zuwa Paris, dawowa kuma daga Hamburg zuwa Yamai. Jirgin Turkiyya na sauka a biranen biyu. Da haka sai tikitin zuwa kaɗai za a saya tsakanin Paris da Hamburg, an huta da komawa baya, an kuma tsira daga babban haɗarin tikiti biyu da ba su san juna ba. Idan jirgin Hamburg ya makara har na Yamai ya tashi, kuma kamfanonin daban ne, ba wanda zai ɗauki nauyi. Sabon tikiti za a saya da tsada. Wanda ya zama dole ya raba su, to ya koma Paris tun ana gobe.

Kada kuma a tsallake wani zango na tikiti da sunan yanke hanya. Yawancin kamfanoni na soke sauran zangunan nan take.

Paris tana da filayen jirgi uku da ake sayar da tikiti da sunanta: Charles de Gaulle a arewa maso gabas, Orly a kudu, da Beauvais wanda ke nesa da birnin da kusan kilomita 85. Araha ta fi yawa a na ukun, sai dai kuɗin bas da lokacin da za a ɓata kan cinye ribar. Daga Conflans, jirgin ƙasa na RER A ke kai mutum tsakiyar birni, ya sauya zuwa RER B a tashar Châtelet-Les Halles har Charles de Gaulle. A ware wa wannan hanya lokaci mai yawa, a kuma isa filin jirgi awa biyu kafin tashi, da fasfo a aljihu. Rashin shingen iyaka bai hana a tambayi takardu ba.

Kaya ma wani tarko ne. Tikitin da ya ɗauko mutum daga Afirka sau da yawa yana ba shi akwati biyu masu kilo 23, amma mafi arahar tikitin cikin Turai ƙaramar jakar hannu kawai ya ƙunsa. Biyan kuɗin akwati ta intanet lokacin sayen tikiti ya fi sauƙi nesa da biya a gaban ma'auni. Ga kuma maganar da ba ta yi wa mutumin Tasawa daɗi: kilishin nan da ake alfahari da shi ba ya shiga Tarayyar Turai. Doka ta hana matafiyi shigo da nama da kayan nono daga waje, don haka cuku da man shanu ma su zauna gida. In an gani ƙwacewa ake yi, ana iya cin tara. Tsarabar hula, turare ko takalmin fata ba ta da wannan matsala.

Matafiyi na da haƙƙin da da yawa ba sa nema. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce idan jirgin gajeren zango irin wannan ya isa a makare da awa uku ko fiye, kuma laifin kamfani ne, ana biyan fasinja Yuro 250. Sai a adana takardar shiga jirgi.

Hamburg kanta ta cancanci fiye da zaman ɗaki da hira. Daga filin jirgi, layin S1 na kai mutum babbar tasha cikin minti 25. Babu ƙofar bincike a tashoshin, amma wanda aka kama ba tikiti tararsa Yuro 60 ce. Daf da tashar akwai unguwar St. Georg, inda titin Steindamm ke cike da shagunan naman halal da gidajen abinci, masallatai kuma na kusa da juna, har da na 'yan Afirka ta Yamma inda ake jin Hausa ranar Juma'a. Da tikitin gari na yau da kullum ana shiga jirgin ruwa mai lamba 62 daga Landungsbrücken, a ga tashar jiragen ruwa mafi girma a Jamus daga tsakiyar kogin Elbe. Ga tsofaffin rumbunan jan bulo na Speicherstadt, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Ga mutumin Tasawa, birnin na da wata alaƙa ta daban. A nan aka haifi Heinrich Barth a 1821, Baturen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, wanda ya sauka Tasawa a Janairun 1851 ya rubuta abin da ya gani. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, har Hamburg. Yau ma ana koyar da Hausa a jami'ar birnin.

Lokacin zuwa na da tasiri. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su matso kusa da juna, ga sanyi da iska mai jiƙa. A Yuni kuwa sai kusan goma na dare ake magariba, agogon can kuma ya wuce na Nijar da awa ɗaya. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, mai sayen tsaraba ya gama tun Asabar.

Ranar komawa a duba ta a jikin bizar, ba a baki ba. Akwai ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda, kuma ranar shiga da ta fita duk ana ƙirga su. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyakokin Schengen, kwamfuta ce ke lissafi. Kwana ɗaya da ya hau kai na iya sa a hana mutum biza a karo na gaba.