Zama Ke Kashe Batir

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci da yawa a Gusau suka koma zaman gida. Za ka ga tsohuwar Peugeot 504 ko Golf a gindin darbejiya a Tudun Wada, ba a fita da ita sai ranar Juma'a, ko in biki ya taso a Tsafe ko Bungudu. Ranar da ake bukatarta kuwa, a murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, shiru. Nan take mai mota zai ce jabun batir aka sayar masa. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, zama ne ya cinye shi.

Ga dalili. Ɗakuna shida ne a cikin batir, kowanne da farantan dalma jiƙe cikin ruwa mai asid. Ko mota tana kashe, wuta na tsiyayewa kaɗan-kaɗan kamar ruwa a sabon tulu, agogo da rediyo kuma suna ɗan lasa. Zafi yana ƙara saurin wannan tsiyaya, ga shi a bazarar Gusau, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Idan batir ya yi makonni babu cikakken caji, sai wani farin ɓawo ya kama farantan ya taurare. Daga nan ko an kai shi caji ba zai riƙe wuta kamar da ba.

Wani zai ce ai kullum da safe yana ɗumama motar minti biyar. Wannan ba ya wadatarwa. Tayar da inji shi ne aikin da ya fi zuƙe batir, injin da ke silo kuwa ɗan abin da yake mayarwa bai taka kara ya karya ba. Abin da batir ke so shi ne tafiyar kamar rabin awa a mako, misali daga Gusau zuwa Bungudu a dawo. Wani kuma zai ce da wane mai? Gaskiyarsa. To, sai ya ɗauki sifana ya kwance kan batir mai alamar ragi (−), ya riƙa kai batirin wurin mai caji sau ɗaya a wata. A nan tsohuwar mota ta fi sabuwa sauƙin sha'ani, don ba ta da kwamfutar da za ta rikice in an cire mata wuta.

Kafin ka sayi sabo, a auna. Mai gyaran wayarin yana da mita, kuma karanta lambobinta ba wuya. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, in ya nuna 12.6 cike yake, 12.2 saura rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. A tayar da inji a sake aunawa. In lambar ta tsaya wajen 14, altaneta na caji. In ba ta ɗaga ba, a duba fanbel da altaneta, domin sabon batir ma mutuwa zai yi a wannan motar. Kada ka yarda a zare kan batir inji yana aiki da sunan gwaji, hakan na iya ƙona altaneta. In babu mita, kunna fitila ka murɗa makulli. Fitilar da ta dushe tana nuna raunin batir ko dattin kansa, wadda ta tsaya da haskenta kuma kik ko wayarsa take tuhuma.

Farin garin da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A wanke shi da ruwan kanwa, ba tare da ya shiga ciki ba, a goge, a ɗaure tamau, a shafa giris. Batir mai murafu a duba ruwansa duk wata. Idan faranti ya fito fili, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ban da asid. Wurin caji kuma ba a shan taba, iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

In batir ya mutu murus, kada a fasa shi a tsakar gida. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta fito daga duwatsun zinariya a 2010, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mai karatu, mayar da shi ga mai sayar da batir, kada yara su yi wasa da shi.