Abubuwan Lura Kafin Sauya Tsohuwar Waya

Mai niyyar sauya waya ya fara binciken ƙarfin layi a garinsu, domin waya mai 5G ba ta da fifiko inda turakun sadarwa suka tsaya a 4G. Idan layinsa mai rauni ne, tun 2013 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba.

Abu na biyu shi ne batir. Zafi yana saurin raunana batirin lithium, saboda haka a guji yin caji cikin rana, musamman da bazara.

Daga ƙarshe, kada a ƙona tsohuwar ko a jefa ta juji. Hayaƙinta yana cutar da huhu, ƙarafan cikinta kuma sukan bi ruwan sama su gurɓata rijiyoyi.